Kilo Sittin da Huɗu

Mijin yayata gyaran agogo yake yi. Shekara arba'in ke nan yana zaune a kujera ɗaya, cikin shago ɗaya, shagon da in ka miƙa hannuwanka za ka taɓa bangon dama da na hagu a lokaci guda. Kowa Mai Agogo yake ce masa, har ita Yaya da ta aure shi. Ni direban tasi ne, kuma tun ranar da ya shigo danginmu nake tsokanarsa. Bai taɓa ramawa ba. Iyakarsa ya kama hannuna, ya duba agogona, ya ce yana baya da minti biyu.

Dogo ne, siriri, wuyansa ya karkata gaba saboda leƙen cikin agogo. Abu mafi nauyi da na taɓa gani ya ɗaga shi ne agogon bango, shi ma sai da mai shi ya kama masa gefe. Tashinsa daga kujera aiki ne mai hawa uku: ya dafa tebur, ya ce wash, sannan ya miƙe. In ɗan noti ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa kuwa, ba ya sunkuyawa. Yana da mayen ƙarfe da ya ɗaura wa zare, sai ya zura shi ƙarƙashin tebur ya yi ta lalube. Notin tagulla ba ya bin mayen ƙarfe, saboda haka wanda ya faɗi ya faɗi ke nan. Na taɓa ce masa wannan ai asara ce. Ya ce ba asara ba ce, tunda ya san inda suke.

Abin da ya yarda da shi a duniya shi ne lamba, musamman wadda aka rubuta a takarda. Ka ce masa yau ana zafi, sai ya ce nawa. Ka ce masa wuri da nisa, sai ya ce minti nawa. Yana da ɗan littafi a aljihun gaba da yake rubuta komai, har ranar da aka sauya ƙwan fitilar banɗaki.

Duk wani ɗauke-ɗauke na gidan, Yaya ce. Gajera ce kakkaura, mai dariyar da ake ji tun daga ƙasan bene. Ita ke hawo da tukunyar gas hawa na biyu, ita ke janye kabad in za a yi shara, shi kuma yana biye da ita yana gaya mata ta yi hankali da fenti. Haka suka yi shekara talatin da bakwai, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ce an cuce shi ba.

Sai wata safiya Yaya ta faɗi a kicin. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, hannu da ƙafa, bakinta ya ɗan karkace, magana ta koma ɗaya-ɗaya. Sati uku a asibiti aka sallamo ta da keken marasa lafiya.

Kwana biyu da dawowarta na je gaishe su da hantsi, na yi ta buga ƙofa ba a buɗe ba. Da na sa kafaɗa na shiga, sai na same su su biyu a ƙasa, a bakin banɗaki. Ya gwada ɗaukarta, bayansa ya riƙe, suka zube tare. Yaya na kuka ba sauti. Shi yana kwance rigingine, ya kalle ni ya ce, “Awa ɗaya da minti goma sha biyu.” Wallahi ban san lokacin da na fara zaginsa ba, don tsoro ne ya kama ni, in kuma na tsorata zagi nake yi.

Washegari 'yarsu ta iso. Ita kaɗai gare su, kuma tun tana 'yar shekara biyar muke ce mata Shugaba, ba don wasa ba. Ta duba uwarta, ta duba ubanta, ta kafa doka. Ta samu hutun wata biyar daga wurin aiki. A wata biyar ɗin ita da wata mata mai jinya ne za su riƙa ɗaga Mama, Baba ko yatsa kar ya sa. In hutun ya ƙare za ta tafi da Mama garin da take aure, tafiyar awa tara.

“Ni fa?” in ji Mai Agogo.

“Baba, ɗaki biyu ne gidan, yara huɗu. Za ka riƙa zuwa kana ganinta.”

Yaya ta juya fuskarta bango.

Bayan sati guda, da bayansa ya saki, ya kira ni. Ya shigo gaban mota a hawa uku kamar yadda ya saba, ya buɗe ɗan littafinsa ya karanta min. Faɗin ƙofar banɗaki santimita sittin. Faɗin keken sittin da shida. Mai gidan ya ce ba za a taɓa masa bango ba. Daga bakin ƙofa zuwa kujerar roba da ake zaunar da ita, taku huɗu. Nauyin Yaya kilo sittin da huɗu, ya kwafo daga katin asibiti na ranar da aka kwantar da ita.

“To, sai me?” na ce.

“Taku huɗu ne za su raba ni da matata. Kai ni inda ake koyon ɗaukar kaya.”

Na yi dariya har da buga sitiyari. Da na juyo na ga fuskarsa, sai na tayar da mota.

Akwai wani gidan motsa jiki a saman shagon masu sayar da taya, inda nake sauke wasu matasa da yamma. Madubi ne ta ko'ina, da ƙarafa, da mutane masu wuya kamar turmi suna kallon kansu. Mai wurin Koci ake ce masa, gajere mai furfura, wanda ya yi shekara ashirin yana turawa da ɗaga marasa lafiya a asibiti kafin ya buɗe wurin. Mai Agogo ya karanta masa littafin tun daga santimita sittin. Koci ya saurara har ƙarshe, sannan ya jawo benci.

“Zauna, Baba.”

Ya zauna.

“Tashi. Kar ka dafa komai.”

Mai Agogo ya yunƙura. Ya sake yunƙurawa. Ya lalubi tebur a gabansa, babu tebur.

“Malam,” ya ce, “ni ba zama na zo koya ba. Shekara arba'in ina yi.”

“Na gani,” in ji Koci. “Tashin ne ba ka yi ba.”

Sati uku cur ba a ba shi ko ƙarfe ɗaya ya taɓa ba. Zauna, tashi. Tsugunna, miƙe. Kwanta a ƙasa, ka san yadda za ka yi ka tashi ba wanda ya ba ka hannu. Koci ya ce shi ba ya gina wa mutum ƙirji don hoto, abin da mutum zai yi a gida shi yake sa shi yi a nan, da kaɗan-kaɗan, har jiki ya haddace. Daga nan aka ba shi jarka biyu da ruwa rabi-rabi, ya yi ta kai da kawowa tsakanin bango da bango. Matasan nan suna kallonsa ta madubi suna ƙunshe dariya. Shi ko a jikinsa, da rigarsa mai aljihu da wandon zuwa shago, yana tafe yana ƙirga taku.

Sai aka zo kan buhu. Koci ya kawo wani dogon buhun fata, ya zuba yashi kilo goma. Ya nuna masa yadda zai matso da shi jikinsa sosai, ya buɗe ƙafa, ya miƙe da cinya ba da gadon baya ba, ya rungume shi a ƙirji ya yi taku huɗu, ya ajiye a kujera a hankali. Mai Agogo bai yarda da sikelin wurin ba, ya sayo nasa. Duk sati ana ƙara yashi, duk sati yana rubutawa.

Koci ya taɓa tambayarsa, “Ka tabbata da sittin da huɗun nan? Mara lafiya yana sauyawa fa.”

“A rubuce yake,” in ji Mai Agogo. “Da hatimin asibiti.”

A gida ba wanda ya sani. Cewa yake yi aiki ya yi yawa a shago, sai na ɗauke shi ƙarfe bakwai, Litinin da Laraba da Juma'a. Amma jiki ba ya riƙe sirri. Wata rana na je shagon na tarar ba kowa a kujera, sai ƙafafu a ƙarƙashin tebur. Ya fito a tsugunne da murfin kwalba cike da notin tagulla na shekara arba'in. Ɗari uku da goma sha ɗaya, ya ƙirga. Wata rana kuma gas ya ƙare, kafin Shugaba ta gama neman wanda zai hawo da shi, sai ga tukunya a kicin, Baba na tsaye kusa da ita yana kallon taga kamar ba shi ba. Wash ɗin ma ya ɓace. Ni da na saba jinsa shekara da shekaru, sai na ji motata ta yi shiru da yawa.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, don ina da shi. Bakina ba ya riƙe magana. A wata na biyu na shiga gaida Yaya, na same ta ita kaɗai tana kallon silin, an lulluɓe ta da bargo har wuya. Tausayinta ya kama ni, na ce bari in ba ta abin dariya.

“Yaya, kin san mijinki yana can yana rungumar buhun yashi saboda ke? Wai sai ya kai sittin da huɗu, ya ɗauke ki da kansa, Shugaba ta tafi ta bar ki. Yanzu yana kan ashirin da biyu.”

Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana haɗa kalmar a bakinta.

“Saura... nawa?”

“Arba'in da biyu.”

“Wata... nawa?”

“Uku da 'yan kwanaki.”

Ta lumshe ido. Daga ranar, duk zuwan da zan yi sai ta jira ɗakin ya zama ba kowa ta ce, “Nawa?” Ni kuma in faɗa mata, ina jin daɗi wai na samo mata abin da take sa rai da shi. Talatin. Talatin da shida. Arba'in da ɗaya, ya tsaya a nan sati biyu bai motsa ba, wannan ma na gaya mata.

A tsakanin nan ne Shugaba ta fara ƙorafin Mama ba ta cin abinci. Likita ya ce hakan na faruwa, a riƙa lallashinta. Maganin da take sha ya kumbura mata fuska, kullum kuma tana cikin manyan riguna da bargo, in ka kalle ta sai ka ce tana nan yadda take. Mai Agogo ne ke ba ta abincin yamma, don wannan dokar ba ta hana shi ba. Ta karɓi cokali uku, ta kau da kai. Ya rubuta a littafi: cokali uku. Shafin buhu yana gaba, shafin cokali yana baya, mutumin da yake haɗa agogo mai ƙarfe ɗari bai taɓa haɗa shafukan nan biyu ba. Ni ma da nake da labarin duka ban haɗa ba.

Saura kwana tara hutun ya ƙare ya ɗaga sittin da huɗu. Taku huɗu, ya ajiye. Matasan madubi suka yi tafi, ɗaya har da fito. Koci ya ce buhu ba ya motsi, ba ya tsoro, mutum kuwa yana yi, saboda haka a gwada da mutum. Suka juyo suka kalle ni. Ni ɗan tsurut ne, sittin da shida. Haka mijin yayata ya rungume ni a gaban jama'a, hannuna ɗaya a wuyansa, ɗaya na sake shi kamar yadda Koci ya ce, ya kai ni kujera ya zaunar. Ya duba hannuna ya ce agogona yana baya da minti biyu.

Ranar tafiya ni aka kira in kai su tasha. Na tarar da akwati uku a bakin ƙofa, Shugaba tana naɗe zanen gado, Yaya a kan keke an sa mata rigar fita. Mai Agogo ya fito daga ɗaki ya tsaya a tsakiyar falo.

“Kafin ku tafi zan kai ta banɗaki.”

“Baba, mun yi maganar nan.”

“Kin yi dai. Ki tsaya a bayana. In na kasa, ku tafi, ba zan ƙara cewa komai ba.”

“In ka yar da ita fa? Baba, ka manta yadda Kawu ya same ku?”

“Bar shi,” na ce. “Ya ɗauke ni ranar Laraba.”

Ta kalle ni kamar na zare. Kafin ta samu abin faɗa, Yaya ta ɗaga hannunta mai lafiya ta miƙa wa mijinta.

Ya tura keken har bakin ƙofar banɗaki ya danne birki. Ya yaye bargon. Ya buɗe ƙafa, ya tsugunna, ya sa hannunta a wuyansa, ya matso da ita ƙirjinsa. Na ji ya ja numfashi irin na buhu. Ya yunƙura da ƙarfin kilo sittin da huɗu.

Sai Yaya ta taso sama kamar ba kowa a cikin rigar. Ƙarfin ya yi masa yawa, ya yi baya taga-taga, kafaɗarsa ta bugi ƙofa. Shugaba ta yi ƙara. Amma ƙafafunsa suka kama ƙasa, ya tsaya cak, yana riƙe da ita. Ya daɗe a tsaye a haka, fuskarsa ta sauya, ba ta gajiya ba. Sannan ya yi takunsa huɗu, ya zaunar da ita a kujerar roba a hankali, ya gyara mata ƙafar da ba ta motsi.

Ya juyo ya ce da ni, “Ɗauko min sikeli a ƙarƙashin gado.”

Ya hau shi kaɗai, ya duba. Ya sake ɗaukar Yaya ya hau da ita, ya ce in karanta masa. Ya mayar da ita keke, ya ciro littafi, ya yi lissafi a tsaye.

“Hamsin,” ya ce. “Saura sha huɗu. Ina suke?”

Ya juyo ya kalli Yaya.

“Da ke nake. Ina kilo goma sha huɗu?”

Yaya ta yi ta kokawa da bakinta har maganar ta fito.

“Na... rage... maka.”

“Kin me?”

“Ka tsaya... arba'in da ɗaya. Na ji... tsoro.”

“Wa ya gaya miki arba'in da ɗaya?”

Ta kalle ni. Ni kuma na kalli silin, don ban da inda zan sa idona. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Wata uku yayata tana kwana da yunwa a kan lambar da nake kai mata da bakina, ina washe haƙora.

Shugaba ta zauna a kan akwati ta rufe fuska da zanen gadon da ke hannunta. Ita ce ke ɗaga uwarta kullum, ta san ta rame, ta ɗauka ciwon ne. Ta yi kuka sosai. Mai Agogo bai yi kuka ba, fushi ya yi, kuma wannan ne karo na farko da na ji ya ɗaga murya a shekara talatin da bakwai.

“Sittin da huɗu na yi wa aiki! Wata biyar ina rungumar yashi, yara suna min dariya, na ɗauki wannan ƙanen naki mai bakin tsiya a ƙirjina. Wa ya ce ki taya ni? Ki mayar min da kayana!”

Yaya ta yi dariya. Rabin bakin ne kawai ya yi, ba ta kai ƙasan bene ba, amma ita ce.

Ban kai kowa tasha ba ran nan. Shugaba ta ƙara kwana huɗu tana kallon yadda ubanta ke yi, safe da rana da yamma, tana tsaye a bayansa da hannu a buɗe. A na biyar ta kwashe kayan uwarta daga akwati ta mayar kabad, ta bar wa mai jinya doka shafi biyu, ta ce in kai ta tasha ita kaɗai. A mota ba ta yi min magana ba sai da za ta sauka. Ta ce, “Kawu, daga yau in ka ji magana, ka haɗiye ta.” Na ce to.

Mai Agogo yana nan yana zuwa wurin Koci, sau biyu a sati yanzu, shagon kuma rabin yini yake buɗewa. Buhun dai ya roƙa aka ba shi, ni na kawo shi gida a bayan mota, shi ya hau da shi bene. Ya kwance bakinsa, ya auna yashi kilo goma sha huɗu ya juye a bokiti, ya ajiye bokitin a gefen gadon Yaya inda za ta riƙa ganinsa. Duk ranar Asabar sai ya ɗauke ta su hau sikeli. In ta ƙara kilo ɗaya, ya ɗebi kilo ɗaya daga bokiti ya mayar cikin buhu, ya rubuta.

Shekaranjiya na biya da yamma na same shi yana ba ta abinci. Na leƙa bokitin, ya ce saura tara, kar in taɓa. Yaya ta karɓi cokali na goma sha biyu ta kau da kai, ta ce ta ƙoshi. Ya nuna mata bokitin da cokali, ya sake ɗebowa, ya riƙe a gaban bakinta yana jira.

Ta harare shi, ta buɗe baki.